Na haɗa masu gida da masu yankan ciyawa, sun haɗe kai sun bar ni

Assalamu alaikum Kawu. Ni direba ne, shekarata 29, ina tuƙa wani magidanci a wani rukunin gidaje da ke hanyar Lekki zuwa Ajah. A ɗakin ma'aikatan gidan nake kwana, sai Asabar da yamma in koma Agege wurin yayana. Bara da damina matar maƙwabcinmu ta tambaye ni ko na san wanda zai yanke mata ciyawa ya gyara fulawoyi, domin wanda ke yi mata ya ɓace ba sallama. Na kawo mata ɗan gwaggona, wanda ke zaune ba aiki tun da aka kama babur ɗinsa. Aiki ya yi kyau, ta gaya wa ƙawayenta, kafin wata uku ina da gida 7 da yara 3. Ni ke yin ciniki, ni ke karɓar kuɗi, in ba yara nasu in riƙe nawa. Gidan da na karɓi naira 15,000, yaro nakan ba shi 9,000.

Yanzu gida 4 sun daina kirana. Ashe lambar yaran suka karɓa, suna kiransu kai tsaye suna biyan 12,000. Wanda ya fara yi mini haka ɗan gwaggon nawa ne. Da na yi masa magana sai ya ce ai shi ke shan rana, ni ina zaune cikin mota mai sanyi. Magana har ta kai gida, gwaggo ta kira ni tana cewa ina cin gumin ɗanta.

Wani abokina da ya iya kwamfuta ya ce maganin abin shi ne mu yi manhaja irin ta kiran mota, mai gida ya danna, a turo masa mai yankan ciyawa, kuɗi ya bi ta hannunmu. Ya ce in kawo 600,000 daga kuɗin da nake tarawa na aure, kuma an sa bikin bayan Babbar Sallah. Yayana ya ce in rufa wa kaina asiri in riƙe tuƙina. Ni kuma ina ganin akwai kuɗi a harkar nan. Kawu, in zuba kuɗin ne ko in haƙura? Kuma yaya zan yi da yaron nan?

Ɗanka, daga Agege.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Tunda abokin naka yana jiran amsa, bari in fara da tasa: kada ka ba da kuɗin nan, ko sisi. Amma ban bi bayan yayanka ba wajen cewa ka tattara ka bari. Wanda ya samu gida 7 cikin wata uku, ba talla ba allo, ya taɓo abin da mutane ke nema da gaske. Inda ka samu matsala shi ne har yanzu ba ka tantance me kake sayarwa ba, shi ya sa aka iya yin ciniki a bayan idonka.

Aikin da ka yi bara irin na mai dalilin aure ne. Ana nemansa ido rufe kafin a ga juna, da an shafa fatiha kuwa ba mai sake tuna inda yake. Madam, matar maƙwabcin nan naku, ba ta san yaron ba, ka kawo shi, wannan ya cancanci lada, amma sau ɗaya. A zuwa na biyu da na biyar da na goma, me ka ƙara? Yaro ya san hanyar gidan, mai gadi ya san fuskarsa, adda tasa ce, ƙarfi nasa ne. Ita ta duba ta ga za ta rage 3,000, shi ya duba ya ga zai ƙara 3,000, kai kuma kana tsakiya ba ka riƙe da komai sai lambar waya. Ba sai sun zama mugaye ba kafin su yi abin da suka yi.

Manhaja ba za ta toshe wannan kafar ba. Abin da ya sa ta kiran mota ke ci shi ne fasinja yau yana Yaba gobe yana Ikeja, kuma duk direban da ya fi kusa shi yake so. Ciyawa kuwa tana nan inda take, gida ɗaya, kuma mai gidan mutum ɗaya yake so ya riƙa gani duk bayan sati biyu. Za a kira yaro ta manhaja ranar farko, rana ta biyu a kira shi ta waya. Kai da ke harkar tuƙi ma ka san yadda direba kan ce wa fasinja ya soke tafiyar su daidaita a hannu. Sannan 600,000 ɗin nan na ginawa ne kawai, ba a zo maganar gyara da tallar da za ta sa mutane su sauke ta a wayoyinsu ba. Yaranka nawa ne ma ke riƙe da wayar da za ta ɗauke ta? Idan abokinka ya yarda da tunaninsa, ya gina da lokacinsa, ranar da ta kawo gida na farko ku zauna maganar kaso. Kai abin da kake buƙata a yau WhatsApp Business ne, wanda kyauta ne, da littafi mai layi na rubuta ranaku.

Koma ka karanta wasiƙarka, za ka ga hajarka a cikin maganar da Madam ta fara yi maka: wanda ke yi mata ya ɓace. Ba ta rasa mai ƙarfin sara ba, Legas cike take da su. Ta rasa wanda zai zo ranar da ya ce zai zo. Kuma akwai dalilin da ya sa wannan ɓacewar ke yawan faruwa da yaranmu, dalilin da masu gidan ba su sani ba amma kai ka sani. Ruwan Ikko yakan kankama tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. A Yuni da Yulin nan ciyawa ba ta jiran kowa, sati biyu ta rufe idon sawu. To, a daidai wannan lokacin ne ruwa ke zama a Arewa, ɗan ci-rani kuma ya ɗaure kayansa ya nufi gona, domin gero da dawar da gidansu za su ci shekara sun fi masa ciyawar Madam. Ga kuma Babbar Sallah, wadda a 2024 da 2025 duk a Yuni ta faɗo, tashoshin motocin Arewa suka cika. Wato lokacin da aka fi neman ma'aikaci a nan, shi ne lokacin da ya fi tafiya.

Yaro shi kaɗai ba zai iya yi wa mai gida alkawarin cewa ba zai tafi ba. Kai za ka iya yin alkawarin da ya fi wannan: ko wane ne ya tafi, ranar Talata da ƙarfe 8 wani zai tsaya a ƙofar gidanki da kayan aiki. Wannan ne abin da ake biyan kuɗi a kansa wata bayan wata. Saboda haka ka daina ciniki a kan zuwa ɗaya. Ka yi na wata: zuwa biyu ko uku da damina, abin da za a yi a kowane zuwa a rubuce, kuɗi a farkon wata. Kowane gida yara biyu su san shi, su riƙa karɓa-karɓa, ta yadda rashin ɗaya ba zai tsayar da aiki ba. Kuma tun watan Maris ka zaunar da su ka tambayi kowa gaskiya, wa zai tafi noma, yaushe, yaushe zai dawo. Cikin waɗanda za ka ɗauka ka tabbata akwai mazauna, masu iyali a nan ko waɗanda suka daina zuwa gona.

Na biyu da zai sa a kasa tsallake ka shi ne inji. Muddin da adda da langalanga ake aikin, kowa na iya sayen nasa. Ranar da ka zo da injin yankan ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, aikin da ke cin yini ya koma na awa biyu, ciyawa ta kwanta daidai ba tudu ba kwari, to mai gidan da ya ga haka da wuya ya koma wa adda don ragin 3,000. Injin naka ne, kai ke zuba mai, kai ke gyara, yaro kuma ya san in ya bar ka ya bar injin. Shi ma ya ci riba, domin gida uku zai yi a ranar da da yake yin ɗaya.

Yanzu maganar gwaggo, wadda na san ita ta fi ci maka rai. Ba ta yi daidai ba da ta yanke hukunci kafin ta ji ta bakinka, amma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. 6,000 cikin 15,000 kashi 40 cikin ɗari ke nan, a kan aikin da ba ka sa inji ba, ba ka biya kuɗin mota ba, ba ka ɗauki asarar komai ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ina kyautata zaton yaron bai san nawa kake karɓa ba sai da ya ji a bakin Madam. Ka je kara ka ga yadda dillalan shanu ke yi: la'ada sananniya ce, mai saye ya san da ita, mai sayarwa ya san da ita, ba wanda ke jin an ci da shi. Hanya biyu ce a gabanka, kuma duk halal ne. Ko ka zama dillali, ka ce wa yaro na samo maka gida, kaza ne nawa a watan farko, daga nan kai da su. Ko ka zama ɗan kwangila, ka karɓi aikin da sunanka, ka ɗauki yara a kan jinga ko albashin da kuka amince tun kafin a fara, riba taka, asara ma taka. Bara ka ci ribar ɗan kwangila alhali aikin dillali ka yi. Ni ta biyun nake ba ka shawara, amma ka sani kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Askin kuwa ga shi. Injin nan yana harba tsakuwa. Wata rana za ta sami gilashin motar da ke fake a tsakar gida, irin motar da gilashinta ɗaya ya fi albashinka, Madam ta fito tana nuna yaro da yatsa, yaro yana rantsuwa. A ranar kai za a kira, kuma kai ya kamata ka biya, ba shi ba. Don haka doka ta farko ga yaranka: ba a tayar da inji sai an janye motoci an tsince duwatsu, kuma ba a aiki sai da tabarau da takalmin roba mai tsawo. Daga kuɗin kowane gida ka ware wani abu a asusu daban wanda ba ka taɓawa sai irin wannan ranar.

Mu ƙaddara gida yana biyan 30,000 a wata a kan zuwa biyu. Kafin ka kira ko naira ɗaya riba, cire ladan yaro, cire kuɗin motarsa, cire fetur da baƙin man da ake haɗa wa injin, cire igiyar yanka da ke cinyewa, cire na gyara, cire na ajiyar tsautsayi. Abin da ya rage shi ne naka, kuma za ka ga bai kai yadda kake hasashe ba sai gidajen sun yi yawa kuma suna kusa da juna. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 farashin fetur bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka ka rubuta a yarjejeniya cewa za a sake duba farashi duk wata shida. Gara ka faɗa tun farko da ka zo daga baya kana sosa ƙeya.

Kusancin gidajen nan kada ka ɗauke shi wasa, shi ne ribar gaba ɗaya. Yaron da zai taso daga Agege ya hau mota biyu ko uku, ya ƙetare gadar Third Mainland, ya faɗa gosulon Lekki, ya iso a gajiye rana ta take, kuma rabin ladansa ya tafi a hanya. Babur ma ba mafita ba ne, domin tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta sake jaddada haramcin acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa, wadda Lekki da Ajah ke cikinta. Ai abin da ya zaunar da ɗan gwaggonka ke nan. Ka nemi yaran da ke kwana a wannan ɓangaren, 'yan'uwanmu suna nan da yawa wajen Ajah da Jakande da Obalende. Ka cika rukuninku da na kusa da shi tukuna. In wani ya kira ka daga Magodo ko Ikeja GRA, ka ba shi haƙuri, ko ka tura masa wani ka karɓi la'adarka sau ɗaya. Gida 15 a layi uku sun fi gida 30 a warwatse cikin gari.

Akwai abin da wanda ba namu ba ba zai gaya maka ba. Bahaushe matashi da adda tsirara a hannu yana tafiya a bakin titin Lekki da sassafe, ka san abin da zai iya haɗuwa da shi kafin ya kai inda za shi, kuma ka san nawa ake kashewa kafin a fito da mutum. Kada yaranka su riƙa yawo da kayan aiki. Ka nemi wurin ajiya a cikin rukunin, ko ɗan lungu ne kusa da ɗakin masu gadi, ka riƙa ba su na goro. Ka ɗinka wa kowa riga iri ɗaya mai sunan sana'arka da lambar wayarka a baya, ka yi masa katin shaida. Kowane yaro ya kasance da lambar NIN, in da hali da katin LASRRA na mazauna jihar Legas, sannan da wanda ya tsaya masa, mutum sananne mai adireshi, ko limamin masallacinsu ko shugaban 'yan garinsu ko wani daga fadar Sarkin Hausawan unguwar. Ka ajiye hoton kowa da na mai tsaya masa. Masu gidan nan suna buɗe ƙofarsu ga baƙon da zai ga inda yaransu ke wasa da ƙarfe nawa suke fita. Ranar da ka miƙa wa Madam takarda mai hoton yaro da sunan wanda ya tsaya masa, ka ba ta abin da ba za ta samu ba in ta kira shi a bayan idonka.

Ka yi rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ta intanet ake yi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar abin da abokinka ke nema ba. Da takardar za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, da ita kuma za ka tunkari manajan rukunin ko shugabannin ƙungiyar mazauna. Su ke riƙe da ciyawar bakin layi da filin wasan yara, su ke da zauren WhatsApp da duk masu gida ke ciki. Kalma ɗaya daga bakin manaja a zauren nan ta fi maka tallar wata guda.

Sai koyarwa, wadda mutane ke rainawa. Yaranmu manoma ne, kuma a wurin manomi ciyawa abokiyar gaba ce, a tuge ta har saiwa a bar ƙasa fes. A wurin Madam kuwa ciyawar nan saye ta yi, aka kawo a mota aka dasa, ko ta kafet ce ko wadda masu fulawa ke kira ta Fatakwal. Yaro zai zo da kyakkyawar niyya ya aske ta har ƙasa ta bayyana, ya tsaya yana murmushi yana jiran yabo, bayan kwana uku wuri ya yi ja kamar an ƙona. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Haka zai ga wani ganye da bai yi fure ba ya tuge shi, ashe shi ne wanda aka fi ji da shi a gidan. Ka sami tsohon gadina, wato mai kula da lambu, irin waɗanda suka shekara da shekaru a gidajen Ikoyi, ko ɗaya daga masu sayar da fulawa a bakin titi, ka biya shi ya bi yaranka na 'yan kwanaki ya nuna musu. Masu fulawan nan ma ka riƙe su da kyau, domin duk wanda ya sayi shuka a wurinsu tambayar da ke biyo baya ita ce wa zai kula da ita.

Abu biyu kada ka yarda a sa yaranka. Sare bishiya a Legas sai da izinin LASPARK, hukumar jiha mai kula da lambuna da bishiyoyi, ko da mai gida ya ce a cikin gidansa take, to shi ya nemo takarda. Ciyawar da aka yanke kuma ba a zuba ta a kwata, ba a cinna mata wuta. A ɗure a buhu a bar wa motar shara, kuma tun wajen ciniki a san wa zai biya kwasar. Unguwar da ruwa ke shiga gidaje duk Yuli ba ta yafe wa wanda aka kama yana toshe magudana.

Za ka tambaye ni rani fa, lokacin da ciyawa ke tsayawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Nan ne wanda ya yi cinikin wata yake gode wa Allah, domin aiki yana canzawa ne kawai. Ƙasar Lekki yashi ce, wasu wuraren ma cikowa aka yi, ba ta riƙe ruwa, saboda haka ban-ruwa da share ganye da aske shinge da zuba taki duk na rani ne. Kai da ke Agege, ga mayankar Oko-Oba a bayanku, kashin shanu ba ya yankewa. Sai dai ka bari ya ruɓe ya bushe sosai kafin ka kai gidan mutane, ɗanye yana ƙona ciyawa, warinsa kuma zai sa a kore ka da kai da buhunka. Farkon Disamba ma kasuwa ce, kowa yana son gidansa ya yi kyau kafin baƙin Kirsimeti. Sannan ka buɗe ido ka ƙirga filayen da aka katange ba a gina ba a rukuninku. Da yawa masu su suna Ingila ko Amurka ko Abuja, maƙwabta suna ƙorafin macizai, manaja yana nemansu a waya. Irin wannan mutumin ba zai taɓa karɓar lambar yaro ba. Abin da yake so a share, a turo masa hoton kafin da na bayan, ya tura kuɗi. Makarantu da ƙananan otal-otal ma haka suke, da kamfani suke son hulɗa, mai ba da rasit.

Oganka fa? Ban ga ka ambace shi ba, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin nan, domin albarkacin gidansa ka shiga rukunin har aka san fuskarka. Ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin maƙwabci. Ka ce masa kana da yara masu gyaran lambu, ba zai taɓa lokacin aikinsa ba, kuma ka cika. Kada ka ɗaga wayar masu ciyawa kana tuƙi da shi a baya. Kada ko sau ɗaya ka saka inji a but ɗin motarsa, warin fetur ba ya ɓuya. Tunda yininka ba naka ba ne, dole ka naɗa babba cikin yaran wanda zai riƙa zagayawa, yana turo maka hoton kowane gida in an gama, kai kuma ka duba da dare, Asabar da safe ka leƙa da ƙafarka kafin ka wuce Agege. Tuƙin nan kada ka sake shi sai ribar ciyawa ta wuce albashinka wata shida a jere, har da watannin rani a ciki.

Kuɗin aure kuma na aure ne. An sa rana, mutanen yarinya suna lissafi da kai, ba ka da ikon jefa mutuncin gida biyu cikin gwaji. Ka je wa gida 3 da suka rage da tayin wata-wata. In biyu suka amince suka biya na farkon wata, ka fara da injin haya, akwai masu bayarwa na yini. In ka kai gida 6 masu biyan wata, ka ranci kuɗin inji ɗaya daga ajiyarka, da sanin yayanka, ka rubuta ranar da za ka mayar. Shigar da shi cikin lissafin zai kwantar masa da hankali fiye da duk wata gardama, tsoronsa kada ka wayi gari ba tuƙi ba aure ne. Yaran kuma ka biya su ranar da suka yi aiki, ko mai gida ya biya ko bai biya ba. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ka san shi, kuma a wannan sana'ar shi ne abin da zai sa yaro ya zaɓi zama da kai.

Ɗan gwaggonka ka bar masa gidajen nan 4. Kada ka bi matan kana ɓata shi, kada ka sa masu gadi su hana shi shiga, duk da na san za ka iya. Abokin wasanka ne, kuma mutum ne da aka raba da babur ɗinsa ya samu abin da zai riƙe. Ka same shi ku ci abinci tare, ka ce masa rabon bara bai yi daidai ba, ga sabon tsari, ga lissafinsa a buɗe. Shi ya fi kowa sanin gidajen, don haka shi za ka fara yi wa tayin zama babban yara, da albashin wata da ɗan kaso a kan duk sabon gidan da ya kawo. In ya karɓa, ka samu mai zagayawar da kake nema. In ya ƙi, ku rabu lafiya, ka ce masa in zai tafi gida da damina ya sanar da kai ka riƙe masa gidajen, da sharaɗin duk matar da ta zaɓi tsarin wata ta zama taka.

Gwaggo kuwa kada ka jira ta sake kira. Ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko, ka gaishe ta da kyau, ka bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta ba tare da ka katse ta ba. In ta gama ka gaya mata kun zauna da ɗanta, ka faɗa mata abin da kuka tsayar, sannan ka tambaye ta me take so a taho mata da shi daga Ikko lokacin biki.

Allah ya sanya albarka a neman, ya kai mu ranar auren lafiya.

Kawunku.